Makulli A Aljihun Tsoho: Gidajen Dattawa Na Ƙungiyoyin Yahudawa A Amurka

Kwanan baya a wata majalisar hira, maganar tsufa a ƙasashen Turawa ta taso. Wani ya yanke hukunci nan take: "Ai su can, da mutum ya tsufa sai a kwashe shi a kai gidan gajiyayyu, a zauna jiran ranarsa." Aka yi ta gyaɗa kai ana Allah Ya kiyaye. Maganar ta tsaya mini a wuya, domin an ɗauki abubuwa uku mabambanta an zuba a ƙwarya ɗaya.

Akwai gidan jinya, inda ake kwantar da wanda jiki ya ƙi gaba ɗaya, da ma'aikatan jinya dare da rana. A Amurka ɗakin mutum ɗaya a irin wannan gida yakan haura dala 100,000 a shekara. Akwai gidan da ake taimaka wa mutum da wanka da sa tufafi da shan magani, wanda galibi masu hali ne ke iya biya. Na uku shi ne abin maganata: bene ne na haya mai rahusa, kowane tsoho da sashensa, da kicin ɗinsa, da banɗakinsa, da makullinsa a aljihu. Ya fita sanda ya ga dama, ya dawo sanda ya ga dama, ya dafa abin da ransa ke so. Bambancinsa da gidan hayar kowa yana hawan ƙasa, inda aka ajiye ofishin jami'in walwala da ɗakin cin abinci.

Ƙungiyoyin agaji na Yahudawan Amurka suna cikin waɗanda suka fi daɗewa a wannan aiki. Ra'ayina shi ne sun gane abin da masu rabon kasafin kuɗi har yau ba su gama yarda da shi ba: albashin jami'in walwala da kuɗin tukunyar abincin rana suna cikin kuɗin gida, daidai da rufi da famfo. Wanda ya gina wa tsofaffi ɗakuna ya tsaya a nan, ya gina wurin da wata rana za a fasa ƙofa a tarar da gawar kwana uku.

Na san da an ambaci Yahudawa hankalin wasu zai tafi Gaza da Ƙudus. Wannan magana ce mai nauyi, kuma tana da wurinta. A nan batun wata tsohuwa ake yi 'yar shekara tamanin a unguwar Brighton ta birnin Boston, wadda wataƙila ma 'yar ƙasar Sin ce.

Su wane ne, kuma da kuɗin wa?

An kafa Hebrew SeniorLife a 1903, ta kuma fara aiki da ɗan ƙaramin gida a unguwar Dorchester ta Boston. Selfhelp ta New York, waɗanda suka tsero daga Jamus ta zamanin Hitler ne suka kafa ta a 1936. A 1965 aka kafa Jewish Community Housing for the Elderly a Boston, a daidai lokacin da iyalai masu ƙarfi ke barin tsofaffin unguwannin Yahudawa suna komawa bayan gari, ana barin dattawa marasa hali a baya. A 2018 ta sauya suna zuwa 2Life Communities. B'nai B'rith kuwa ta buɗe benenta na farko a garin Wilkes-Barre na jihar Pennsylvania a 1971.

Tukunyar a kan duwatsu uku take zaune, kamar kowane murhu. Dutse na farko gwamnatin tarayya ce: shirin Sashe na 202 da ya samo asali daga dokar gidaje ta 1959, da tallafin haya na Sashe na 8 na 1974, da rangwamen haraji ga masu zuba jari a gidajen talakawa da aka fara a 1986. Dutse na biyu hayar da mazauna ke biya. Na uku gudummawar al'umma.

Lissafin hayar ba shi da wuya. A ƙarƙashin Sashe na 202 sai mutum ya kai shekara 62, kuma abin da yake samu bai wuce rabin matsakaicin samun mutanen yankin ba. Zai biya kashi 30 cikin ɗari na kuɗin shigarsa, bayan an cire masa wasu abubuwa kamar wani ɓangare na kuɗin magani. Mai samun dala 1,000 a wata zai biya wajen dala 300, a birnin da hayar ɗaki da falo a kasuwa ta haura dala 2,000. Idan samunsa ya ragu, hayar ta ragu. Kowace shekara ana sake tantance takardunsa.

Kuɗin gwamnati yakan tsaya ne a gini da gyara da haya, wani lokaci da albashin jami'in walwala guda. Darasin motsa jiki, da tafinta, da motar kai mutane kasuwa, da cikon kuɗin abinci, yawanci daga dutse na uku suke fitowa. Shi ya sa bene biyu masu tallafi iri ɗaya za su iya zama a titi ɗaya, ɗaya yana da rai, ɗaya kuma shiru kamar maƙabarta.

Ƙaramin ofishin da ke kusa da ƙofar shiga

Jami'in walwala ba likita ba ne, ba ya yi wa kowa wanka, ba ya ba da magani. Aikinsa shi ne ya san kowa, ya kuma san ƙofar da za a ƙwanƙwasa a madadin kowa. Mai ganin wannan ƙaramin aiki ne bai taɓa ganin jakar wasiƙun tsoho a Amurka ba.

Inshorar lafiyar tsofaffi, Medicare, tana buɗe ƙofar sauya tsarin magunguna daga 15 ga Oktoba zuwa 7 ga Disamba kowace shekara. Kamfani na iya cire maganin da tsoho ke sha daga jerin waɗanda yake biya, ya aiko da sanarwa cikin Turanci da ƙananan haruffa. Wanda bai karanta ba sai a watan Janairu zai gane, a gaban kantin magani. Haka takardar sabunta Medicaid, wato inshorar lafiyar marasa hali, haka ta tallafin abinci. Wasiƙa ɗaya da ba a amsa ba tana iya yanke mai zuwa taimaka wa tsohuwa da wanka, daga nan sai ta gwada yi da kanta, daga nan sai faɗuwa.

Hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta ce mutum ɗaya cikin huɗu na waɗanda suka kai shekara 65 yana faɗuwa a kowace shekara. Karayar ƙugu tana cikin manyan hanyoyin da ke ɗauke tsoho daga ɗakinsa zuwa gidan jinya, kuma da yawa ba sa dawowa. Rigakafin kuwa ƙananan abubuwa ne. Ƙarfen dafawa a banɗaki, a tsayin santimita 84 zuwa 91 daga ƙasa, ɗaure da kusoshi a cikin katakon bango. Irin mai mannewa da roba yakan saki a ranar da aka fi buƙatarsa, ƙarfen rataye tawul kuma ba a yi shi don ɗaukar nauyin mutum ba, amma shi tsoho ke kamawa idan babu wani. A cire ƙananan dardumai masu zamewa. A sa fitilar dare tsakanin gado da banɗaki, domin a wannan 'yar tafiyar ta tsakar dare ake yawan faɗuwa. Ruwan zafi kada ya wuce digiri 49 a ma'aunin Salshiyas, saboda fatar tsoho ba ta jin ƙuna da wuri. Marikin ƙofa ya zama na dannawa ƙasa, domin hannun da amosanin gaɓɓai ya kama ba ya iya murɗa mai zagaye.

Sai lokacin da ya fi kowane haɗari, wato ranar sallama daga asibiti. A sallami mutum da yammacin Juma'a da sabbin magunguna biyar, ga tsofaffin magunguna shida a kan tebur, biyu daga ciki abu ɗaya ne da sunaye daban. Ya haɗa duka ya sha, hawan jininsa ya faɗi ƙasa, jiri ya ɗebe shi. A gidan da ke da ma'aikaciyar jinya, ana zama da shi a zube kwalabe gaba ɗaya a tantance, a kira likitansa. Hebrew SeniorLife tana da shiri mai suna R3 da ya ajiye ma'aikaciyar jinya da jami'in walwala a cikin benayen, suna bin diddigin magunguna da faɗuwa da dalilin kiran motar asibiti. Gidaje da yawa kuma suna sa kowa ya manna jerin magungunansa da lambar wanda za a kira a jikin firji, inda masu agajin gaggawa suka san za su duba.

Akwai wata dabara da ba ta cin ko sisi. Kowane mazauni ya rataya ɗan kati a ƙofarsa da safe, alamar ya tashi lafiya. Maƙwabcin da aka wakilta a kowane hawa ya zagaya a lokacin da aka tsayar. Ƙofar da babu kati a ƙwanƙwasa, idan shiru a kira ofis. Inda take lalacewa shi ne idan mutum ya yi tafiya bai faɗa ba, ko aka bar wa mutum ɗaya zagayen har ya gaji. Zafin da aka yi a Chicago a 1995 ya kashe mutum sama da 700, kuma da yawansu tsofaffi ne da ke zaune su kaɗai, babu mai ƙwanƙwasa musu ƙofa. A guguwar Sandy ta 2012 wuta ta ɗauke a New York, lif ya tsaya, tsofaffi suka maƙale a saman benaye babu ruwa. Gidan da ya san aikinsa yana da janareta, yana kuma da jerin sunayen waɗanda ba sa iya sauka ta matakala da masu amfani da injin iskar numfashi.

Wani aikin da ba a so a faɗa shi ne kuɗin cizo da tara tarkace. Mai feshi zai ce a kwashe kaya, a wanke tufafi da ruwan zafi, a janye gado daga bango, zai dawo bayan mako biyu. Mai shekara tamanin da biyar ba zai iya ba, kunya kuma ta hana shi faɗa, ƙwaron ya bi bango ya shiga ɗakin maƙwabta. Mai gidan haya na kasuwa takardar tashi zai rubuta. Jami'in walwala zai nemo masu taya shi kwashewa, ya nemi a ƙara masa lokaci a ƙarƙashin dokar da ta wajabta sassauci ga mai naƙasa.

A nan ƙungiyoyin Yahudawa suka koyi wani darasi da tsada. Daga cikin mazaunansu akwai waɗanda suka tsira daga kisan kiyashin 'yan Nazi. Wani yana ɓoye burodi a aljihun tebur har ya yi fumfuna, wata tana firgita da mai kayan sarki ko ƙwanƙwasa ƙofa da ƙarfi, wani ba ya yarda a shigar da shi ɗakin wanka a rufe. Aka koya wa ma'aikata su tambaya kafin su taɓa, su yi bayani kafin su shiga, kada su zubar da abincin mutum a bayan idonsa. Wannan tarbiyya ta amfani duk wanda ya fito daga yaƙi ko yunwa, ko daga wace ƙasa yake.

Zo mu ci tuwo

Hausawa sun ce zo mu ci tuwo ya fi tuwo daɗi, kuma a gidan dattawa wannan magana ce ta lafiya. Tsohon da matarsa ta rasu yakan koma shayi da biskit, ya rame, ƙafa ta yi rauni. A 2023 babban jami'in lafiya na Amurka, Vivek Murthy, ya fitar da gargaɗi a kan kaɗaici, inda aka kwatanta illarsa da shan taba har kara 15 a rana. Abincin rana na tare yana yin aiki uku a lokaci guda: mutum ya ci mai zafi, ya yi wanka ya sa tufafi domin zai fito cikin jama'a, kujerar da ta zauna babu kowa kuma ta zama sanarwa.

A gidajen da ke bin dokar abincin Yahudawa, wadda ake kira kosha, kicin ɗin taro yana da wahalar gudanarwa. Ba a haɗa nama da madara, don haka tukwane biyu ne, da wuƙaƙe biyu, da wurin wanke-wanke biyu. Sau da yawa akan shafa wa kayan nama ja, na madara shuɗi, don kada sabon ma'aikaci ya rikice. Babu alade, babu jatan lande da danginsa. Akwai mai sa ido na addini da ake biya. A idin Pesak, kwana takwas ba a cin abin da aka sa wa yisti, sai an wanke kicin ɗin tas an sauya kayan aiki. Naman kosha ya fi tsada, kuma da gishiri ake janye jininsa, abin da ke sa mai tsara abinci ya yi taka-tsantsan saboda masu hawan jini da ciwon ƙoda.

Wasu tsofaffin gidaje suna da tsarin da ya wajabta wa kowane mazauni biyan kuɗin abinci sau ɗaya a rana, ko ya ci ko bai ci ba. Tun ƙarshen shekarun 1980 gwamnati ta hana a ƙirƙiro sabon irin wannan a gidajen da take tallafawa. Ina tare da hanin, domin mai dala 1,000 a wata bai kamata a tilasta masa sayen abincin da bai saba da shi ba. Sai dai na yarda da abin da masu kare tsarin ke faɗa: wanda ya fi buƙatar fitowa shi ne ba zai fito ba idan an bar shi da zaɓinsa. Mafita a wurina ita ce a sauƙaƙa farashi, a dafa abin da mazaunan suka sani, a tura maƙwabci ya je ya ɗauko mutum.

Sauran harkokin hawan ƙasa, kamar darasin Turanci, da shirin jarrabawar zama ɗan ƙasa, da motsa jiki a kan kujera, da ɗakin kwamfuta, da lambu, duk suna da amfani. Waɗanda suka fi ɗorewa su ne waɗanda mazauna ke gudanarwa da kansu. Tsohuwar malamar lissafi daga Kiev da aka ba ta aji ta koyar ta fi wadda aka zaunar ana yi mata kiɗa samun dalilin tashi da safe.

"Ai yar da iyaye ne"

Wannan ita ce hujjar majalisar tamu, kuma ba zan raina ta ba. Akwai 'ya'yan da ke ajiye uwa su ɓace. Amma a dubi zaɓin da ke ƙasa. Ɗa yana aiki a wata jiha mai nisan tafiyar awa biyar a jirgi. Ko yana gari ɗaya, amma shi da matarsa suna fita tun asuba, yara suna makaranta, gidan yana bayan gari inda babu mai tafiya a ƙafa. Tsohuwar da ba ta jin Turanci, ba ta tuƙi, za ta wuni daga ita sai talabijin har ƙarfe shida. A wurinmu tsakar gida cike take da mutane, maƙwabta na shiga suna fita. Can babu tsakar gida. Benen dattawa yunƙuri ne na ƙera ta.

Akwai kuma waɗanda ba su da kowa. Wasu danginsu sun ƙare a yaƙi, wasu ba su haihu ba, wasu sun binne 'ya'yansu.

Addinin Yahudawa ma bai sauke wa ɗa nauyi ba. Girmama iyaye yana cikin dokoki goma, kuma a Zabura ta 71 akwai roƙon kada a yar da mutum a lokacin tsufa. Zumunta a ƙafa take, a Boston ma haka ne. Abin da gidan ke yi shi ne ya ɗauke wa 'ya cike takardu da gyaran famfo, domin idan ta zo ranar Lahadi ta zauna su yi hira.

Idan kuma damuwar ita ce tayar da tsoho daga inda ya saba, an gwada akasin haka. A 1986, a rukunin gidajen Penn South da ke Manhattan, da tallafin ƙungiyar agajin Yahudawa ta UJA-Federation ta New York, aka kai ma'aikatan jinya da na walwala cikin benayen da mazaunansu suka tsufa a ciki. Babu wanda ya tashi, hidimar ce ta je ta same su. Daga baya aka kwaikwayi tsarin a wurare da dama.

"To ai nasu kawai suke yi wa"

Doka ba ta bari. Dokar adalci a harkar gidaje ta 1968 ta hana nuna bambancin addini ko launi ko asali, kuma wanda ya karɓi kuɗin tarayya ba shi da ikon zaɓar mazauna da addini. Layi ɗaya ne ga kowa. Bayan guguwar ƙaurar Yahudawan tsohuwar Tarayyar Sobiyet, Rashanci ya cika benayen Brighton. Yau a can da kuma unguwar Flushing ta New York, inda Selfhelp ke da gidaje, masu jin harsunan Sin suna da yawa ƙwarai. Ana buga sanarwa da harsuna uku ko fiye, ana bikin sabuwar shekarar Sinawa a zauren da ake kunna fitilun Hanuka, idin Yahudawa.

Wannan ya haifar da ƙorafi daga ɗaya ɓangaren. Wasu masu ba da gudummawa sukan tambaya me ya sa kuɗinsu ke tafiya ga gidan da Yahudawa suka zama tsiraru a cikinsa. Sauya sunan da ƙungiyar Boston ta yi a 2018 zuwa 2Life ya cire kalmar Yahudawa daga allon ƙofa, ko da yake sabon sunan yana nuni da kalmar fatan alheri ta Ibrananci mai ma'anar "ga rayuwa". A ganina ƙungiyoyin sun yi daidai da suka riƙe al'adunsu a zauren taro suka bar ƙofa a buɗe.

Shin ana ɗora wa wanda ba Bayahude ba addini? A cikin sashensa babu mai leƙa tukunyarsa. A wuraren taro ne akan sami gogayya. Yahudawa masu kiyaye hutun Asabar, daga faɗuwar ranar Juma'a zuwa bayan faɗuwar ranar Asabar, ba sa danna maɓallin lantarki. Don haka a wasu benaye akan saita lif ɗaya ya riƙa tsayawa a kowane hawa da kansa, wanda ke sauri kuma ya ji haushi. Makullin kati na lantarki matsala ne a gare su, sai an tanadi na ƙarfe. Kyandir ɗin da suke kunnawa da yammacin Juma'a haɗarin gobara ne, musamman kusa da tukunyar iskar numfashi, shi ya sa ake ƙarfafa amfani da na lantarki. Azumin Yom Kippur na kusan awa 25 ne, kuma malamansu na gaya wa mai ciwon sukari cewa ceton rai yana gaba da azumi, hukuncin da ba baƙo ba ne ga wanda ya san rangwamen mara lafiya a Ramadan.

Idan aka yi rasuwa, zaman makokin Yahudawa kwana bakwai ne, kuma addu'ar mamaci tana buƙatar mutum goma. Tsohon da ke zaune shi kaɗai a bayan gari ba zai tara su ba. A bene mai ɗakuna ɗari biyu, sauka ƙasa kawai za a yi.

Inda hujjata take da rauni

Ana yawan cewa wannan tsari yana rage wa gwamnati kuɗin asibiti. Akwai shaida: wani bincike da mujallar Health Affairs ta buga a 2018 ya gano cewa kwanciya asibiti a tsakanin mazauna gidajen Selfhelp a yankin Queens na New York ta yi ƙasa da ta tsofaffin unguwannin da kashi 32 cikin ɗari. Amma wani gwaji da ma'aikatar gidaje ta tarayya, HUD, ta fara a 2017 a gidaje da dama bai nuna wani babban bambanci a zuwa asibiti ba a zagayensa na farko. Don haka ban yarda a jingina komai a kan ribar kuɗi ba. Wanda ya ce a biya jami'in walwala domin yana rage kuɗin asibiti, ranar da lissafi bai fito ba za a sallami jami'in. A biya shi domin tsoho ya ƙare kwanakinsa a ɗakinsa cikin mutanen da suka san sunansa, ko lissafi ya fito ko bai fito ba.

Na biyu, gidan yana da iyaka. Idan cutar mantuwa ta yi nisa, mutum ya fara barin tukunya a wuta, ko ya fita cikin dusar ƙanƙara da rigar barci, katin ƙofa da abincin rana ba za su riƙe shi ba. Medicare ba ta biyan kulawar yau da kullum ta dogon lokaci, sai Medicaid ga wanda ya cancanta. Shirin PACE, mai haɗa wa tsofaffi masu rauni jinya da kulawa suna zaune a gidajensu, yana taimaka wa wasu su daɗe a gida. Duk da haka akwai ranar da za a zauna da iyali a faɗi gaskiya, kuma gidajen kan makara wajen faɗa saboda sabo da tausayi.

Na uku, zaman tare ba aljanna ba ne. Harshe da haƙori ma suna saɓawa. Akwai teburin da sabon zuwa ba ya isa ya zauna, akwai gulma, akwai masu jin Rashanci a gefe guda da masu jin Sinanci a gefe guda, kowa na zargin an fi kula da ɗaya. Akwai masu ƙyamar zama kusa da wanda ya fara rikicewa, saboda suna ganin gobensu a jikinsa. Mazauna suna da haƙƙin kafa ƙungiyarsu, amma ita ma takan faɗa hannun mutum uku masu ƙarfin murya. Shugabancin gida ne zai sa baki, ya hana kama kujera, ya haɗa sabon zuwa da wanda zai riƙe hannunsa a makonnin farko.

Na huɗu shi ne mafi girma: ba su isa ba. Kusan mutum ɗaya cikin uku ne kawai na tsofaffin da suka cancanci tallafin haya ke samu. Daga 2012 majalisar dokoki ta dakatar da kuɗin gina sabbin gidajen Sashe na 202 na tsawon shekaru, kafin ta dawo da ɗan kaɗan. Jiran shekaru abu ne da aka saba, wasu gidajen ma sukan rufe rajista gaba ɗaya. Mai suka zai ce ana yi wa 'yan kaɗan gata alhali dubbai na waje, a rage hidima a ƙara ɗakuna. Na fahimci zafin maganar, amma albashin jami'i ɗaya na shekara bai kai kuɗin gina sashe ɗaya a Boston ba. Korarsa ba za ta rage layin ba.

Wannan layi ya shafi namu ma. A unguwar Bronx ta New York akwai dattawa masu jin Hausa daga Gana da Nijar da Najeriya, waɗanda suka shafe shekaru suna tuƙin tasi ko gadi, fanshonsu kaɗan, niyyar komawa gida kuma kullum sai baɗi. Suna da damar neman waɗannan gidaje kamar kowa, sai dai sharuɗɗan takardun zama sun bambanta gwargwadon irin tallafin da ke kan ginin, don haka a tambaya tun farko. Kicin ɗin kosha babu alade a cikinsa, kuma malamai da yawa sun halatta yankan Ma'abota Littafi bisa aya ta 5 ta Suratul Ma'ida. Amma giyar inabi halal ce a dokarsu, tana iya shiga miya ko ta fito a teburin daren Juma'a, sai a tambayi mai dafawa.

Mai niyya ya rubuta sunansa da zarar shekarunsa sun kai, a gidaje da yawa a lokaci guda, domin kowane gini da layinsa. Ya ajiye kwafin takardar da ranar da ya miƙa ta. Gidajen kan aiko da wasiƙa lokaci zuwa lokaci suna tambaya ko har yanzu ana so, da wa'adin amsawa. Wanda ya sauya adireshi bai sanar ba, ko ya tafi gida hutun wata uku wasiƙar ta zo a bayansa, ana iya goge sunansa, shekarun da ya yi yana jira su tafi a banza. A rubuta adireshin ɗa ko ɗan'uwa a matsayin na biyu a kan takardar.